Lasifika a Cikin Akwatin Kwamfuta

Mai shagon tura waƙoƙi a Dosara, akwatin kwamfutarka na da filin da zai ɗauki lasifika. In ka shiga Talata Mafara, tambayi masu gyaran rediyo ƙaramin amfilifaya PAM8403 da lasifika biyu masu wat 3.

Fara zare filogi. Amfilifayan bolt 5 yake ci, wato jar waya da baƙa daga tukunyar wutar kwamfutar. Rawayar 12 ce, ka haɗa ta ya ƙone nan take. Sautin kuwa daga koren ramin baya za ka jawo shi. Kowace lasifika da wayoyinta biyu, kada ka gama su wuri ɗaya don tsimi. Nesanta maganaɗisunta da faifan ajiya, ka lulluɓe hudar da ka yi wa lasifikan da ƙyallen raga saboda ƙurar hunturu.