Dalilin Da Ke Sa Kwamfutocin Ofis Tafiyar Hawainiya, Da Maganinsa

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Abin da nake so in yi bayani a kansa a wannan mujalla tamu, wata matsala ce da na gani da idona a dogon hutun da ya wuce, sa'ad da mahaifina ya tura ni shagon kawuna a Fagge don kada in zauna hakanan.

Shagon yana kusa da Kantin Kwari. Ana buga katin ɗaurin aure, da kalanda, da rasit na 'yan kasuwa, da takardun jarrabawa na makarantu. Kwamfutoci biyar ne a ciki. Ɗaya tana can ƙurya, a cikinta ake tara dukkan ayyuka, ita ce ake kira uwar garke. Sauran huɗun kuwa, daga wurinta suke ɗauko fayil, su yi aiki a kansa, su mayar.

To, sai aikin nan ya soma nawa. Fayil ɗin wata kalanda mai girman megabait 600, kafin a ɗauko shi daga uwar garke sai an yi wajen minti tara. Masu kawo aiki suka fara ƙorafi. Wani shugaban makaranta ma ya ce in ba a gama masa takardun jarrabawa a wannan mako ba, zai kwashe aikinsa ya kai wani wuri. Kawu ya sayi ƙarin data har sau biyu, bai ga canji ba. Daga nan ya yi niyyar cin bashi ya sake kwamfutocin gaba ɗaya. Allah ya sa wani maƙwabcinsa ya ce ya dakata, ya aika Sabon Gari a kira wani injiniya tukuna. Abin da na koya a wurin wannan bawan Allah shi ne zan rubuta a nan.

Yadda fayil ke tafiya

Malamin tarihi ya koya mana cewa tun zamanin da Fagge zango ce ta fatake da Buzaye masu zuwa Kano da raƙuma. Falke ba ya ɗora hajarsa duka a kan raƙumi ɗaya, rarraba ta yake yi ƙulli-ƙulli. Haka kwamfuta take yi. Idan za ta aika fayil sai ta yayyanka shi ƙanana, kowane ƙulli ba ya wuce bait 1,500, ta rubuta adireshi a jikin kowanne, ta sake su bi waya. Wadda aka aika wa ta tattara su, ta haɗa. In ƙulli ɗaya ya lalace a hanya, tilas a sake aiko shi. Saboda haka hanya mara kyau tana sa a riƙa ɗaukar kaya ɗaya sau biyu ko uku.

Wannan tsari na haɗa kwamfutoci da waya sunansa Ethernet. Wani Ba'amurke mai suna Robert Metcalfe da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro shi a kamfanin Xerox a shekarar 1973. Kowace kwamfuta tana da wayarta, kuma duk wayoyin suna haɗuwa a wani ɗan akwati mai ramuka da 'yan fitilu, wanda ake kira suwic. Aikinsa kamar na shataletalen Bata ne, kowa ya biyo ta nan sa'an nan ya kama hanyarsa.

A nan ne kuskuren Kawu na farko ya fito. Fayil ɗin da ya tashi daga wannan tebur zuwa wancan ba ya fita daga shago, balle ya bi ta intanet. Ko ba ka da data ko kaɗan, kwamfutocin ofis ɗaya suna iya miƙa wa juna aiki. Watau kuɗin da ya kashe a kan data bai taɓa ciwon ba sam.

Ɗan lissafi

Saurin waya da megabit ake auna shi, girman fayil kuwa da megabait. Bit takwas su ne bait ɗaya. Don haka kullum sai ka raba saurin waya gida takwas kafin ka san abin da take ɗauka a daƙiƙa guda. Sauri iri uku aka fi samu a ofisoshi:

Megabit 10, irin na dauri. Yana ɗaukar megabait 1.25 a daƙiƙa. Fayil mai megabait 600 zai ci daƙiƙa 480, watau minti 8.

Megabit 100, wanda ya fito a 1995. Yana ɗaukar megabait 12.5 a daƙiƙa. Wannan fayil zai ci daƙiƙa 48.

Megabit 1,000, watau gigabit, wanda aka fitar da ƙa'idarsa ta bin wayar jan ƙarfe a 1999. Yana ɗaukar megabait 125 a daƙiƙa. Fayil ɗin ba zai cika daƙiƙa 5 ba.

A aikace lokacin yakan ɗan ɗara haka, domin adireshi da gaishe-gaishen da kwamfutoci ke yi wa juna su ma suna cin wuri. Da Injiniya ya ji an ce minti tara, bai taɓa kome ba tukuna, sai ya ce in yi lissafin a takarda. Da na gama ya ce, "To, ɗan makaranta, wane sauri ne ya yi daidai da minti tara?" Na ce, "Megabit 10 ne, Injiniya." Ya ce, "Madalla. Ashe ka san inda za mu nema."

Matakan bincike

Na farko, a auna. Kada ka ce "tana nawa" kurum. Ɗauki babban fayil guda ɗaya, ka kwafe shi, ka duba agogo, ka rubuta. Duk gyaran da aka yi, a sake aunawa da wannan fayil ɗin. Kuma a riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, domin in ka canza uku tare ba za ka san wanne ne ya yi magani ba.

Na biyu, a tambaya: kwamfuta ɗaya ce ke nawa, ko dukkansu? In ɗaya ce, laifin yana gare ta ko a wayarta. In duka ne, sai a dubi abin da suka yi tarayya a kai, watau suwic, da uwar garke, da wayar uwar garke. A shagon Kawu duka ne.

Na uku, a dubi saurin da kwamfuta ta amince da shi. A Windows, danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta ncpa.cpl, ka buɗe alamar Ethernet, za ka ga an rubuta saurin a fili. Da muka duba kwamfutocin tebur guda uku, kowacce ta nuna 100. Da muka duba uwar garke sai ga 10. Tun da duk kaya daga wurinta suke fitowa, ƙuncin ƙofarta ya shafi kowa, kamar lungu ne a Kwari da mai baro ɗaya ya tsaya a bakinsa.

Na huɗu, a bi waya da hannu tun daga bakinta har ƙarshenta. A cikin kowace wayar Ethernet akwai siraran wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu. Saurin 100 biyu daga cikin tagwayen huɗu yake buƙata, amma gigabit sai dukkan huɗun sun cika. Idan silli ɗaya ya tsinke, kwamfuta ba lalle ta ce kome ba, sai ta sauko zuwa ƙaramin sauri ta yi shiru. Wayar uwar garken Kawu ta bi ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfe ce, kullum ana buɗewa ana rufewa a kanta, har ta baje kamar an bi ta da guduma. Ga kuma inda ɓera ya ɗan taɓa. Da aka sa sabuwa, nan take ta nuna 100, fayil ɗinmu ya wuce a cikin abin da bai cika minti ɗaya ba. Kawu ya riƙe baki ya ce, "Ikon Allah! Ashe 'yar wannan waya ce za ta sa ni cin bashi?"

Game da waya akwai abubuwa uku da ya kamata a kiyaye. Tsawonta kada ya wuce mita 100. Kada a ɗaure ta tare da wayar lantarki ko ta janareta, domin ƙarfin wutar yana ɓata saƙo. Sa'an nan a lura da jabu. Ta gaskiya jan ƙarfe ce zalla, amma akwai wadda goran-ruwa ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. In ka kankare silli ɗaya da reza ka ga fari a ciki, to, ita ce. Tana da arha, amma saurin karyewa gare ta, kuma araha ba ta ado.

Na biyar, a dubi suwic. Na Kawu tsoho ne, iyakarsa 100, alhali kuwa kwamfutocinsa duka suna iya gigabit. Muka tafi Beirut Road, inda masu sayar da kayan kwamfuta suke, aka sayo ƙarami mai ramuka takwas na gigabit. Da aka haɗa, fayil ɗin nan da yake cin minti tara ya koma daƙiƙa bakwai. Injiniya ya kuma gargaɗe mu kada a kuskura a soka bakin waya ɗaya biyu a suwic ɗaya, ko a haɗa suwic biyu da waya biyu. Yin haka yakan sa saƙo ya yi ta kewaya ba iyaka har kome ya tsaya cik.

Na shida, a gwada hanya da ping. Wannan ɗan umarni ne da wani mai suna Mike Muuss ya rubuta a 1983. Ka buɗe cmd, ka rubuta ping, ka bi shi da adireshin uwar garke, misali 192.168.1.10. Kwamfutarka za ta yi sallama sau huɗu, ta faɗa maka tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a amsa. A kan waya mai lafiya amsa ba ta kan wuce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. In wata sallama ta ɓace, akwai matsala a hanya.

Na bakwai, Wi-Fi. Kwamfuta ta biyar laftof ce, ba ta da waya, kuma ita ba ta warke ba. Dalili kuwa, duk masu amfani da Wi-Fi ɗaya layi suke bi, in ɗaya yana magana sauran sai su jira. A zangon 2.4 tashoshi uku ne kaɗai ba sa hawa kan juna, watau 1 da 6 da 11. A wuri mai cunkoson shaguna irin Fagge ko France Road a Sabon Gari, kowa da rautarsa, dole su riƙa tsoma baki a zancen juna. Zangon 5 ya fi sauri, amma ba ya ratsa bango sosai. Ga kuma wayoyin hannu na yaran shago duk a kai suna kallon bidiyo. Maganin dai shi ne aka ja wa laftof ɗin tata wayar.

Na takwas, ita kanta uwar garke. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka dubi faifan ajiya. In kullum yana nuna kashi 100 cikin 100, to, shi ne ya gaji, ko kuma maganin bairos yana bincike a tsakiyar lokacin aiki. Faifai irin na da mai juyawa bai kai SSD sauri ba ko kusa. Ƙurar hunturu da zafin bazara su ma suna da nasu laifin, domin kwamfuta in ta yi zafi da kanta take rage gudu. A riƙa hure mata ƙura, a kuma sa mata UPS, saboda ɗauke wuta farat ɗaya yana lalata faifai.

Akwai kuma nawar da ba ta lalacewa ba ce. Ƙananan fayiloli dubu sun fi babba ɗaya cin lokaci ko da nauyinsu ɗaya, domin kowanne sai an buɗe masa ƙofa an rufe. A ɗaure su wuri ɗaya da zip kafin a aika.

Gargaɗi

Harshen da kwamfutocin Windows ke miƙa wa juna fayil da shi sunansa SMB. Tsohon samfurinsa, SMB1, wanda Windows XP ke amfani da shi, ga nawa ga haɗari. Ta kafarsa ne bairos ɗin WannaCry ya bi a watan Mayu na 2017, ya kulle kwamfutoci a ƙasashe masu yawa, har da na asibitocin Ingila. Kamfanin Microsoft ya daina kula da XP tun 2014. Saboda haka in wani ya ce a kunna SMB1 don wata tsohuwar kwamfuta ta shiga garke, a yi tunani da kyau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kawu ya gama takardun jarrabawar nan kwana biyu kafin wa'adi, kuma bai ci bashin kowa ba. Abin da ya kashe duka, kuɗin waya biyu ne, da suwic, da ladan Injiniya.

Roƙona ga iyayenmu masu ofis ko shago shi ne, in kwamfuta ta yi nawa kada a gaggauta sayen sabuwa, a sa a auna tukuna. Ku kuma 'yan'uwana, kun dai ga rabawa da takwas ce ta nuna inda ciwon yake, kuma tun a firamare aka koya mana ita. Ɗakin kwamfuta na makarantarmu ma yana da suwic da wayoyi. Duk mai so ya nemi izinin malam, mu je mu auna namu mu gani.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.