Kafin ka ɗauki hoton mutum, ka fara yi masa sallama

Sana'ata ɗaukar hoto ce, kuma yawancin aikina a fili nake yin sa: gona, kasuwa, bakin rijiya, filin kokowa, hanyar ƙauye. Tsakanin gundumar Dogondutsi da ta Tibiri a jihar Doso, wato ƙasar Arewa ta Nijar, a nan na koyi aikin, a nan kuma nake cin abinci da shi. Abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne wata ɗabi'a da ta shigo mana tare da wayar hannu mai kyamara. Da zarar tsautsayi ya sami wani, ko ɗaki ya rufta, ko mota ta kife a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Kore Mairuwa da Dogondutsi zuwa Ƙonni, kafin a sami mai miƙa hannun taimako sai ka ga wayoyi sun tashi sama. Kafin magariba hoton ya zaga WhatsApp da Facebook. Wani lokaci ma a can dangi suke fara ganin gawar ɗan'uwansu, tun ba a aiko musu da saƙon rasuwa ba.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ƙarfin hoto ke nan, haɗarinsa ma ke nan. In aka ba ka labari da baki kana iya tambaya, me ya faru kafin nan, me ya biyo baya? Hoto kuwa ƙiftawar ido ɗaya yake kamawa, ya tsayar da mutum a wurin har abada. Wanda aka ɗauka yana kuka, kuka zai ci gaba da yi a idon duniya ko da ya yi shekara goma yana dariya a gidansa. Saboda haka mai riƙe da kyamara amana ce a hannunsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Duk wanda ya taka ƙasar nan da ƙafa ya san ba ta rasa abin ɗauka ba. Ga jajayen duwatsun da suka ba garin Dogondutsi sunansa, waɗanda da tsakar rana za ka gan su fayau, amma da la'asar sakaliya sai su yi jawur har inuwarsu ta sauko kan gidaje. Ga kwarin Dallol Mawri, tsohuwar hanyar ruwa da ta ƙafe tun zamanin da, inda har yau ruwa yake kusa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa lambuna suke yin kore a tsakiyar rani. Ga itacen gawo, wanda yake zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, ya kuma yi lif da ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci. Kowane lokaci na shekara da irin haskensa. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana tausasa haske ya sa fuskar mutum ta fito sumul, sai dai ƙurarsa tana kashe na'ura, don haka ba a buɗe cikin kyamara a fili, kuma a naɗe take tafiya cikin jaka. Zafin bazara na Afrilu da Mayu, da yake haura digiri 40, yana cinye batir, yana kuma sa waya ta ɗauke. Hadarin farkon damina kuwa, in ya haɗu ta gabas ya yi baƙi ƙirin rana na haska gonaki ta yamma, babu mai hoto da zai gan shi bai ji daɗin sana'arsa ba.

Na kawo wannan ne don a gane cewa iya aiki da ladabi ba sa rabuwa. In ka tsayar da mutum cikin rana tsaka, ido zai kanne, zufa ta rufe shi, inuwa ta cika ramin idonsa, ya fito kamar mara lafiya alhali lafiyarsa lau. In ka tsaya a kansa ka karkato kyamara ƙasa, ya fito ƙarami kamar mai roƙo. Amma in ka jira hantsi ko la'asar, ka sa rana ta gefen kafaɗarka, ka durƙusa daidai da tsayin idonsa, sai ya fito da kwarjininsa. Wata safiya ta hunturu na tarar da wata dattijuwa tana ban ruwa a lambun dankali a gefen gari, ƙafafunta duk taɓo, ruwa na sheƙi a bakin bokitinta. Na gaishe ta, na ce, "Inna, in kin yarda ina son in ɗauki hotonki kina aikin nan." Ta ajiye bokiti ta ce, "To ɗana, bari in gyara ɗankwalina, kada jikokina su gan ni a hargitse." Ta wanke hannu, ta ɗaura kallabi, ta koma kan aikinta. Taɓon yana nan a ƙafarta, gajiyar tana nan, babu abin da aka ɓoye na wahalar noman rani. Bambancin kawai, ita ta zaɓi yadda za a gan ta.

Ba na cewa a daina ɗaukar hoton wahala. Wahala tana cikin rayuwarmu ta yau da kullum, kuma ɓoye ta ƙarya ne. Manomi yana shuka, ruwa ya ɗauke, shuka ta ƙone, ya sake shuka. Hatsi ya yi kyau, tsutsa ta shiga zangarniya. Ruwan sama ya sauka kan duwatsu, ya gangaro ta ƙoramu da ƙarfi, ya cinye gona ya shiga gari. A daminar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a faɗin Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda azuzuwa sun lalace, wasu kuma waɗanda suka rasa muhalli ne a cikinsu. Irin wannan dole a ɗauka, domin da hoto ake nuna wa hukuma inda ƙorama ta yanke hanya, da shi ake neman agaji, da shi ake tuna wa na baya inda bai kamata a yi gini ba. Tambayar ita ce yadda za a ɗauka, da izinin wa, kuma a ina za a tsaya.

Wani dattijo a wani ƙauye kusa da Matankari shi ya fi kowa fayyace mini wannan. Ruwan dare ya jiƙa rumbunsa ya kife, ragowar damman hatsin da iyalinsa za su ci kafin kaka suka zube cikin laka. Da na iso, samari sun kewaye shi da wayoyi, shi kuwa yana durƙushe yana tsince zangarniya ɗaya bayan ɗaya, yana karkaɗe laka yana jerawa a kan tabarma. Na yi masa jaje, na ce, "Baba, Allah ya mayar da alheri." Ya dubi jakar da ke kafaɗata ya ce, "Amin, ɗana. In rumbun kake so, ga shi nan, ɗauki. Ni kam ka bar ni sai ranar da zan ɗaga sabo." Na ɗauki rumbun da hatsin da ke shanye, ban sa fuskarsa ba. Bayan kaka ya aiko aka kira ni. Na tarar da gayya: maƙwabta sun taru, wasu na saƙa, wasu na kafa duwatsun gindi, mata na kawo fura, shi kuma yana tsaye da hularsa yana nuna inda za a ɗora jinka. Hotunan nan biyu in aka jera su, su ne labarin. Na farkon shi kaɗai rabin gaskiya ne.

Duniya ta daɗe tana ganin mu da rabin gaskiya. A yunwar 2005, abin da ƙasashen waje suka sani game da Nijar shi ne hotunan ƙananan yara ramammu a cibiyoyin jinya na Maraɗi. Hotunan sun jawo taimako, ba a musun haka, amma kaɗan ne daga masu ɗaukarsu suka dawo su ga yaran da suka warke, ko manoman da suka koma gona. Akwai ma misalin da ya fi wannan shahara. A 1993 Kevin Carter, ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauki hoton wani yaro da yunwa ta kayar a kudancin Sudan, ungulu na tsaye a bayansa. Hoton ya ci kyautar Pulitzer a 1994, kuma shekara da shekaru mutane suna ɗauka yarinya ce, suna kuma zaton a nan ta cika. Sai a 2011 ƴan jaridar wata jarida ta ƙasar Sifen suka nemo mahaifin, aka gano namiji ne, kuma ya tsira daga wannan yunwa har ya girma. Shekara 18 duniya tana kallon faɗuwarsa ba ta san ya tashi ba.

Mu ƴan Arewa muna da wani dalili na musamman da ya kamata ya sa mu riƙe tarihinmu da hannunmu. A watan Afrilu na 1899 Sarauniyar Lugu ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986 wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987. Amma a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, kuma fuskar da duniya take tunawa in an ambaci Sarauniya ta ƴar wasa ce ƴar can. In ba mu ɗauki kanmu ba, wasu za su zana mana kamanni. Dubi kuma Malick Sidibé na Mali, wanda ya shafe rayuwarsa yana ɗaukar samari da ƴan matan Bamako a wurin biki da bakin kogi, har aka karrama shi da babbar kyauta a Venis a 2007. A nan gida ma Philippe Koudjina ya bar mana hotunan Yamai ta shekarun 1960 da 1970. Abin da a lokacin ake ganin ba komai ba ne, yau shi ne tarihi. Haka ranar kasuwa a Geceme, da sussukar hatsi a Dumega, da ƴan ci-rani masu dawowa gida gab da damina, za su zama wa jikokinmu.

Ga abin da nake roƙon duk mai waya ko kyamara ya kiyaye. Da farko, sallama da neman izini, a faɗa wa mutum inda hoton zai je. Izinin ɗauka daban, izinin yaɗawa daban. In ƙauye ka shiga, fara da ƙofar maigari. Wurare irin su Lugu da Bagaji suna da al'adunsu da masu kula da su, akwai abin da ake ɗauka akwai wanda ba a ɗauka, kuma su ne masu faɗa. Yaro ba ya ba da izini, iyayensa ake tambaya. Matar aure a bakin rijiya ko a cikin gida, in ba ta amince ba, magana ta ƙare.

Na biyu, gawa, da mai rauni, da mara lafiya a kan gado, da wanda tufafinsa suka yaye, waɗannan ba na yaɗawa ba ne. In ka iso wurin haɗari, aljihu ne wurin waya, sai dai in za ka kira masu agaji. Addini ya hore mu da suturta ɗan'uwa, dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan da suka shafi mutum, sannan dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi hukunci ga mai yaɗa abin da ke zubar da mutuncin ɗan Adam. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Na uku, a yi tunanin tsaro. Muna zaune a bakin iyaka, kuma kowa ya san halin da ake ciki da ɓarayin dabbobi. Hoton garken wani tare da sunan ƙauyensa yana iya zama jagora ga mugu. Wayoyi da yawa suna liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi ba tare da mai wayar ya lura ba, don haka a shiga saitin kyamara a kashe wannan. Shingen jami'an tsaro da barikinsu kuwa ba wurin hoto ba ne.

Na huɗu, a rubuta gaskiya a ƙarƙashin hoto: rana, wata, shekara da wuri. Wanda ya rubuta "Tibiri" kawai ya bar mai karatu cikin ruɗu, domin akwai Tibirin Gobir a jihar Maraɗi, akwai tamu da ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Rashin wannan bayani shi ke sa a ɗauko hoton ambaliyar bara, ko ta wata ƙasa, a ce yau ta faru a garinmu, hankalin ƴan'uwa da ke nesa ya tashi a banza.

Na biyar, a koma. In ka ɗauki ranar da katanga ta faɗi, ka bi sawu ranar da aka tayar da ita. In ka ɗauki gonar da zaizaya ta cinye, ka dawo ka ga ramukan rabin wata da aka haƙa don tare ruwa, da ciyawar da ta tsiro a cikinsu. Kuma ka wanke hoto ko da guda ɗaya ne ka kai wa mai shi. Waya tana faɗawa ruwa, katin ajiya yana lalacewa, amma takardar da aka sa cikin leda aka adana a akwati tana kaiwa ga jikoki.

Ina kira ga abokan sana'ata, da matasan da ke da shafuka masu mabiya, da masu kula da zaurukan WhatsApp na garuruwanmu daga Dogon Kirya har Tibiri, mu sa wannan ya zama ƙa'ida a tsakaninmu. Hoton da ba za ka yarda a yi wa mahaifinka ko mahaifiyarka ba, kada ka yi wa na wani. In kuma an turo maka irinsa, ya tsaya a wayarka, ka goge shi, ka kira wanda ya turo ka yi masa nasiha.