Tsiro da Tsami: Iyaka Tsakanin Kunun Zaƙi da Burukutu a Ƙasar Kabi

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta matakan haɗa kunun zaƙi da na burukutu. Ta nuna cewa hanya ɗaya suke bi tun daga jiƙo har zuwa tsami, kuma matakin ƙarshe ne ya mayar da ɗaya halal, ɗaya haram.

1.0 Gabatarwa

Birnin Kebbi da Argungu garuruwa ne na Musulmi da ke kwarin Rima, inda ake noman gero da dawa a tudu, shinkafa kuma a fadama. Tun da Jihar Kebbi ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, dafa giya ya zama laifi ga Musulmi. Duk da haka, ilimin da ake dafa ta da shi bai bar madafar Bahaushiya ba, domin da shi ake dama kunun buɗa-baki.

2.0 Tsiro

Hatsi cike yake da sitaci, wanda ba ya da zaƙi. Idan aka jiƙa dawa ta kwana, aka baza ta a inuwa ana yayyafa mata ruwa na kwana 3 zuwa 5, sai ta tsira. A lokacin ne ƙwayar take samar da sinadarin amilas, mai narkar da sitaci ya koma sukari. Masu burukutu, kamar na ƙasar Zuru a kudancin jihar, suna shanya tsiron dawa su niƙa shi. Mai kunun zaƙi kuwa takan raba ƙullun gero biyu, ta sheƙa wa kashi ɗaya tafasasshen ruwa, idan ya huce ta zuba ɗanyen tare da niƙaƙƙen ɗanyen dankali ko tsiron shinkafa. Shi ya sa kunun yake tsinkewa ya yi zaƙi kafin a sa masa sukari.

3.0 Tsami

Idan haɗin ya kwana, wasu ƙwayoyin halitta sukan ci sukarin su fitar da sinadarin laktik, wanda shi ne tsamin nono da na koko. Wannan tsami ba ya bugarwa, hasali ma yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. A nan mai kunu take tacewa ta tsaya. Mai burukutu kuwa sai ta sake tafasa ruwan, idan ya huce ta zuba masa ragowar tsohon dahuwa mai ɗauke da yis. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu randar takan yi kumfa, sukarin ya koma barasa.

Dabarar tana da takwara a Amurka. Dokar ƙasar ta wajabta masara ta kai kashi 51 cikin ɗari na hatsin wuskin da ake kira Bourbon, kuma masu yinsa sukan mayar da ragowar tsohon dahuwa cikin sabo domin daidaita tsami. Sai dai su suna turara ruwan su tattara barasar, burukutu kuwa ana shansa da kaurinsa.

4.0 Harshe da Hukunci

Kalmomin jiƙo, tsiro, ƙullu, tata da tsami sun game sana'o'in biyu. Hukuncin fiƙihu kuwa bai rataya a kan hatsi ko tsami ba, ya rataya ne a kan maye. Wannan ne ya sa ba a son kunun zaƙi ya daɗe a zafi, domin yis na iya kama shi ya fara kumfa.

5.0 Kammalawa

Greenberg (1946) ya bayyana matsayin giya a bukukuwan Maguzawan Kano, amma kalmomin madafa sun fi bukukuwan saurin ɓacewa, domin a bakin mata suke. Ya kamata manazarta su taskance su, saboda a cikinsu ake ganin yadda Bahaushe ya riƙe fasahar tsiro da tsami, ya kuma shata mata iyaka bisa addininsa.