Goyon Ƙirji: Yadda Asibitocin Koyarwa Suka Mai da Uwa Cikin Masu Jinyar Bakwaini

Jaririn da ya zo duniya kafin cikar makonni 37, wanda Hausawa ke kira bakwaini, babban abokin gabarsa shi ne sanyi. Ba shi da kitsen kirki a ƙarƙashin fata, fatar kuma ga ta sirara kamar ɓawon albasa. Da zarar jikinsa ya huce sai ya daina tsotso, sukarin jininsa ya faɗi, numfashi ya riƙa sarƙewa. Dalilin saka shi a kwalba ke nan, wato na'urar ɗumama jarirai. To amma kwalba tana da tsada, tana kuma son wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, kuma kowa ya san yadda wuta take a wurarenmu.

Wannan matsala ce ta addabi wani likitan yara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, gari mai sanyi a kan tsauni. Sunansa Edgar Rey, malami ne a Jami'ar Ƙasa ta Kolombiya, yana aiki a wani babban asibitin haihuwa da ɗaliban likitanci ke koyon aiki a cikinsa. Jarirai sun fi kwalabe yawa, har a haɗa fiye da ɗaya a kwalba guda, cuta kuwa sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A shekarar 1978 ya gwada wata dabara: a kwantar da jaririn a tsakanin nonon uwarsa, fata da fata, a ɗaure shi da ƙyalle, ya sha ɗumi, ya sha nono. Aka laƙaba wa dabarar sunan kangaru, dabbar nan ta Ostireliya mai ɗaukar ɗanta a jakar gaban cikinta. A wurin Bahaushiya kuwa, goyo ne aka juyo da shi gaba.

Nan amfanin asibitin jami'a yake. Likita a can yana jinya, yana koyarwa, sannan ana tilasta masa ya kawo hujja. Shekaru da yawa ana yin goyon ƙirji ne kawai bayan jariri ya farfaɗo, wato bayan kwanaki a kwalba, alhali yawancin masu mutuwa a kwanakin farkon nan suke tafiya. Sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya gwaji a asibitoci biyar, a Indiya, Malawi, Tanzaniya, Ghana da Nijeriya. Na Ghana shi ne Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi, na Nijeriya kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife.

An ɗauki jarirai 3,211 masu nauyi daga kilo 1 zuwa ƙasa da kilo 1.8. Rabi an ɗora su a ƙirjin uwa tun daga haihuwa, ko da suna shaƙar iska ta roba a hanci ko ana ƙara musu ruwa. Rabi an bi da su ta tsohuwar hanya. Kafin a fara gwajin sai da aka sake fasalin ɗakin jinya, aka shigo da gadajen uwaye inda a da ake tsayar da su a bakin ƙofa suna leƙe. Jariran rukunin farko sun riƙa samun kusan awa 17 a rana a jikin uwa ko mai taya ta, na biyu kuwa awa ɗaya da rabi.

Sakamakon ya fito a 2021. Cikin kwana 28 na farko, kashi 12 cikin ɗari suka rasu a rukunin farko, kashi 15.7 a na biyu. Bambancin ya fito fili har aka dakatar da gwajin kafin wa'adinsa. A watan Nuwamba na 2022 hukumar ta ba da shawarar a fara goyon ƙirji nan take bayan haihuwa, aƙalla awa 8 a rana, abin da ya samu sama da haka duk alheri ne.

Kada a yi kuskuren fahimta. Goyon ƙirji bai kori asibiti ba. Bakwainin da ya ƙi nono, ko yake nishi, ko idonsa ya yi rawaya da shawara, ko yake jijjiga, wurin likita za a nufa da shi, kuma a tafi da shi a ƙirji, don a hanya ma sanyi na kama shi.

Yinsa ba wuya. A sa wa jariri hula da safa da ƙunzugu kaɗai, a miƙar da shi a ƙirji, kansa ya juya gefe don ya samu hanyar numfashi, ƙafafunsa a buɗe kamar na kwaɗo, a ɗaure da zani, uwa ta kwanta a jingine. Idan za ta yi wanka ko salla, kaka ko gwaggo ta karɓa, uban ma ƙirjinsa na da ɗumi, babu abin kunya a ciki.

Saura dangi. Idan likita ya ce mai jego ta zauna tare da ɗanta a asibiti, kada a matsa mata sai ta koma gida don wankan jego ko taron suna. A kai mata kunun kanwarta can, a kuma samo wadda za ta riƙa karɓarta idan ta gaji.