Janareta a Gidan da Ke da Sola

'Ya'yana, tunda Allah ya hore muku kun kafa sola, kada wani ya ce muku kun gama da janareta. Mu da muka tsufa a Tudun Wada mun san markar watan Agusta, hadari ya rufe rana kwana da kwanaki, mun kuma san ƙurar hunturu da ke lulluɓe faranti. Wutar Kaduna Electric kuwa, zuwanta da tafiyarta ba a hannunku suke ba.

Sai dai ku gane aikin da za ku sayi janaretan ya yi. Batir zai cika muku, ba kwana zai yi yana ruri ba. Awa biyu ko uku da yamma, a kashe, batir ya riƙe dare. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita abar lissafi ce.

Saboda haka, kafin ku doshi shagunan Sabon Gari, ku kira wanda ya haɗa muku inbata ya faɗa muku ƙarfin da cajarta ke ja. Inbata tana son wuta mai natsuwa, kusan bolt 230. Ɗan ƙaramin janaretan nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, wanda Kwastam ta hana shigowa da shi a 2015, wutarsa rawa take yi. Inbata ta karɓa ta saki, mai ya ƙone, batir bai cika ba. Ku nemi mai AVR, wato na'urar daidaita wuta, mai wayar tagulla, wanda ƙarfinsa ya zarce bukatarku da kamar rabi, domin firiji da injin borehol kan ja ninki uku na wutarsu a lokacin tashi. Lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin tanki ba kullum take gaskiya ba, ku duba 'yar takardar da ke gefen injin. Ku kuma zaɓi wanda makanikin unguwa ya san cikinsa.

Don Allah, kada ruwan sama ko tsoron ɓarawo ya sa ku shigar da janaretan zaure ko kusa da taga. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, ta sha ɗauke iyali guda suna barci. Ku yi masa rumfa a fili, ku sa masa sarƙa. Sannan a saka makunnin canjin layi, kada wutarku ta koma kan waya ta sami ma'aikacin da ke bisa turke.