Me Ya Sa Mutane Su Ke Yarda da Camfi?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura, ko a cikin birni, ko a Zango, ko Ɓaure, ko Mai'aduwa, ko Sandamu, ya sha jin manya suna cewa kada a zauna a dokin ƙofa, kada a yi fito da dare, kada a yi shara bayan magariba, kada yaro ya ci ƙwai don kada ya zama ɓarawo. In yaro ya tambayi dalili, sai a ce masa, "Haka muka tarar." Irin wannan shi a ke kira camfi, watau mutum ya ɗauki abu biyu ya ce wannan ne ya jawo wancan, alhali kuwa babu igiyar da ta haɗa su.

Da yawa daga cikinmu 'yan makaranta, da zarar mun ɗan san karatu, sai mu ce wauta ce ta sa mutane su ke yarda da camfi. Ni dai ban ga haka ba. Kakata mace ce mai hankali, ta san hatsin da zai kai gidanta kaka tun ba a rufe rumbu ba, amma ba ta taɓa zuba ruwan zafi a ƙasa ba sai ta nemi gafarar mutanen ɓoye. Saboda haka sai mu nemi dalili a wani wuri. Ga huɗu da na lura da su.

Na fari, tsoro. Kowa ya san labarin rijiyar Kusugu, yadda a ke cewa wani maciji mai suna Sarki ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ran Juma'a, har Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana da dare, ya nemi ruwa bai samu ba, ya tafi ya kashe macijin. Ba nufina in ce labarin nan camfi ne ba, tarihin kakanninmu ne, rijiyar kuwa tana nan har yau. Abin da na ke so mu duba shi ne, gari guda ya haƙura da ƙishirwa kwana shida a kowane mako, ba wanda ya gwada, sai baƙon da bai girma cikin tsoron ba. Haka camfi ya ke zama da gindinsa. Wanda ya kiyaye shi yana ganin bai yi hasarar kome ba, wanda zai karya shi kuwa yana ganin ransa ya sa a caca. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, 'ya'yansa ma su gudu, ko da ba a taɓa saransu ba.

Na biyu, dabarar manya. Waɗansu camfe-camfe horo ne aka lulluɓe da ban tsoro. Mai zama a dokin ƙofa yana tare wa mutane hanya. Mai shara cikin duhu ya kan share allura ko kuɗi, ko ya ɗora hannu a kan kunama. Mai watsa ruwan zafi ba dubawa ya kan ƙona yaro mai rarrafe. Uwa ba ta da sukunin yi wa ɗan shekara 4 dogon bayani, sai ta ambaci aljanu, nan take ya bari. Yaron ya girma da dokar, dalilin kuwa ya ɓace a hanya.

Na uku, gurguwar ƙidaya. Zuciya ta kan riƙe ranar da abu ya dace, ta manta da ranakun da bai dace ba. A 1948 wani malami a Amurka, B. F. Skinner, ya ba da labarin gwajin da ya yi da tantabaru 8. Ya sa kowace a keji, abinci yana fito mata kowace daƙiƙa 15, ko ta motsa ko ba ta motsa ba. Sai 6 daga cikinsu suka kama wata ɗabi'a, wannan tana kewaya keji, waccan tana kaɗa kai, kowace tana maimaita abin da ta ke yi sa'ad da abinci ya zo, sai ka ce shi ne ya kawo shi. Kada mu yi wa tantabaru dariya. In an yi husufin wata yara su kan fita suna bugun gwangwani, wai rana ta kama wata sai ta sake shi. Wata kuwa kullum ya kan washe, domin inuwar duniya ce ta faɗa masa, za ta wuce ko an buga ko ba a buga ba. Ran 29 ga Maris, 2006, rana ta yi husufi har duhu ya rufe ƙasar Katsina da Maraɗi da hantsi, masana taurari kuwa sun faɗi ranar da sa'ar tun shekaru kafin ta zo.

Na huɗu, nisan da ke tsakanin cuta da mafarinta. Dubi kurkunu. Mutum ya sha ruwan tafki a daminar bana, tsutsar ba za ta huda masa ƙafa ba sai wajen shekara guda. Wa zai tuna da ruwan bara? Sai waɗansu su ce jifa ne, waɗansu su ce a jini ya ke. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Da aka koya wa mutane tace ruwa da ƙyalle, aka haƙa rijiyoyi, aka hana mai ciwon shiga tafki, sai cutar ta ƙare, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ta rabu da ƙasar nan. Turawa ma sun daɗe suna cewa mugunyar iskar fadama ce ke kawo zazzaɓi, sai a 1897 Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya.

To, in wani ya ce, "Ina ruwanmu? A bar kowa da abinsa," sai mu ce ba duka camfi ne ba ya cutarwa. Yaron da aka hana wa ƙwai an hana masa abinci mai gina jiki. Mai farfaɗiya ya kan faɗi kusa da wuta, jama'a su watse don tsoron yawunsa, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta, ciwon ƙwaƙwalwa ne, akwai kuma maganinta a asibiti. Mafi muni, yaro ya yi zazzaɓi yana sambatu, ya kama sunan wata tsohuwa, a ce mayya ce, a ci mutuncinta a banza, yaron kuma a makara kai shi wurin likita.

Addini ma ya riga mu. Ranar da Ibrahim ɗan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Annabi ya nuna musu rana da wata ayoyin Allah ne, ba su husufi don mutuwar kowa ko rayuwarsa.

Mu da za mu koma garuruwanmu mu koyar, ga shawarata. Kada mu yi wa dattijo ba'a, domin wanda aka kunyata ƙara riƙe abinsa ya ke yi. Mu koya wa yara tambaya uku: Wa ya gani da idonsa? Sau nawa aka yi abin, kome bai faru ba? Akwai wani dalili na fili? In an sami hikima a ƙarƙashin camfin, mu riƙe ta, mu faɗi dalilin sosai. In cuta ce, mu nuna gaskiya a aikace, ko da malamin ne da kansa zai durƙusa ya janye mai farfaɗiya daga bakin wuta, ya kwantar da shi ta gefe a gaban almajiransa, gobe kuma su gan shi lafiya lau. Gani ya kori ji.

Allah ya ba mu hankalin rarrabewa, amin.