Yadda Ake Ƙaura da Iyali daga Kano zuwa New Bell ta Duwala

Bahaushen da ya shiga New Bell zai ji Hausa a bakin mahauta da teloli, ya ji kiran salla, ya ga tsire a bakin titi, har ya ɗauka gida ya dawo. Unguwar ta samo asali ne a zamanin Jamusawa, lokacin da suka ƙwace filayen bakin kogin Wouri daga hannun 'yan ƙabilar Duwala, rikicin da ya kai ga rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell a 1914. Daga baya ta zama masaukin baƙi: Hausawa, Fulani, Bamileke, Basa da mutanen Afirka ta Yamma. Sai dai wannan sabo yana ruɗar mutum. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, kuma a idon hukuma ɗan Kano baƙo ne. Mai niyyar kai iyalinsa can su daɗe, ga yadda masu hankali ke bi.

Na farko: maigida ya riga kowa zuwa

Zuwa da kai ya fi aike. Maigida ya tafi shi kaɗai, ya sauka a wurin mai masauki, wato wani ɗan gari da ya daɗe a can kuma aka san shi da amana. Shi ne zai kai shi gaisuwa wurin Sarkin Hausawa da limamin masallacin unguwa, ya gabatar da shi: "Ranka ya daɗe, ga ɗan'uwanmu daga Kano, yana so ya zauna cikinmu da iyalinsa." Kada a raina wannan gaisuwa. Ranar da aka sami saɓani da mai gidan haya ko abokin ciniki, waɗannan dattawan ne za su tsaya. A wannan zuwan ne kuma zai tabbatar da abin da zai ci da iyali, ko rumfa ce a Kasuwar Kongo, ko ɗinki, ko fawa, ko dillanci.

Na biyu: takardu

Kowa a gidan, har jariri, ya mallaki fasfo ɗinsa, kuma a yi allurar shawara a karɓi katin nan mai ruwan ɗorawa, domin ana tambayarsa a iyaka. Ɗan Najeriya yana shiga Kamaru ba biza, amma na kwana 90 ne kawai. Ɗan Nijar kuwa sai da biza. Wanda zai wuce wannan wa'adi dole ya nemi katin zama, wanda ake kira carte de séjour, a ofishin 'yan sandan shige da fice, kuma shekara 2 yake yi kafin a sabunta. A yi rajista kuma a ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Duwala. A taho da takardar aure, da takardun haihuwar yara, da katin rigakafinsu, da sakamakon makaranta. A yi kwafinsu, a naɗe na ainihin a leda, domin laimar Duwala tana cin takarda.

Na uku: gida

Nan ne aka fi yin kuskure. Ruwan da ke sauka a Duwala a shekara ya haura milimita 3,500, ninkin na Kano sama da uku, kuma ya fi tsanani daga Yuni zuwa Oktoba. Yawancin New Bell ƙasa ce mai kwari, gidaje a cunkushe, lunguna ƙanana. Don haka gidan da aka gani da rani ba a san halinsa ba tukuna. A duba bango ko akwai shaidar inda ruwa ya taɓa kaiwa, a duba tsayin dokin ƙofa, a tambayi maƙwabta yadda kwata take yi idan an kwana ana ruwa. A bincika ko mitar wuta ta gidan ce kaɗai ko ta haɗaka, sannan daga ina ake ɗibar ruwan sha. Masu gida sukan nemi kuɗin watanni da yawa a dunƙule, da kuɗin ajiya, ga kuma la'adar dillali. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a karɓi rasit.

Na huɗu: makarantar yara

Ana komawa makaranta a watan Satumba, saboda haka iyali su iso kafin lokacin. Tsari biyu ne a ƙasar: na Faransanci, mai jarrabawar CEP da BEPC har zuwa Baccalauréat, da na Ingilishi, mai kaiwa ga GCE. Yaron da ya yi nisa a Najeriya ya fi samun sauƙi a ɓangaren Ingilishi. Ƙarami kuwa gara a sa shi na Faransanci, domin shi ne harshen ofis da asibiti a Duwala. Akwai makarantun da ke haɗa Faransanci da Larabci, ga kuma na allo a cikin unguwa.

Na biyar: kuɗi da kaya

Sefar Kamaru ta Afirka ta Tsakiya ce, wadda bankin BEAC ke bugawa. Darajarta ɗaya da ta Nijar, sefa 655.957 a kan Yuro ɗaya, amma ba a karɓar ta Nijar a kasuwar Duwala sai an canza. Da isa, a yanki layin MTN ko Orange a buɗe asusun waya, don da shi ake yawancin biye-biye. Uwargida ta ɗaure kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji, a rufe su ruf kada su yi funfuna. Gado da kujeru a bar su, kuɗin dakonsu ya fi na sayen wasu. Gidan sauro kuwa kowa da nasa.

Na shida: hanya

Mai hali ya bi jirgin sama ta Legas. Ta ƙasa, an fi bi ta Yola ko Mubi a faɗa Garwa, a wuce Ngaundare, a hau jirgin ƙasan Camrail na dare zuwa Yawunde, sannan a shiga mota zuwa Duwala. Hanyar Ikom da Mamfe tana ratsa yankin masu Ingilishi da ke fama da rikici tun 2016, ba ta dace da mata da yara ba. A tabbata an buga wa kowane fasfo hatimin shiga, domin daga ranar ake ƙirga kwana 90.

Na bakwai: watannin farko

Uwargida ta shiga gidajen maƙwabta gaisuwa, ta halarci suna da biki, ta shiga adashi. Daga bakin matan unguwa za ta san inda nama ya fi araha, da asibitin da ake awo, da kuɗin da ɗan acaba, wanda suke kira bensikin, ya kamata ya karɓa. Zazzaɓi in ya kama yaro, a je gwaji ba tare da jinkiri ba. Idan aka yi haihuwa, a yi wa jariri rajista nan da nan, domin in wa'adi ya wuce sai an bi ta kotu. Kowa kuma ya dage da koyon Faransanci, ko da na ciniki da gaisuwa ne, saboda Hausar New Bell ba za ta raka mutum gaban ɗan sanda ko likita ba.

Abu na ƙarshe, a rubuta ranar ƙarewar katin zaman kowa, a riƙa ware kuɗin sabuntawa kaɗan-kaɗan tun da wuri. Iyali mai mutum shida kati shida ne idan yaran sun kai munzali, kuma duk lokaci guda suke ƙarewa.